Sau Nawa Ya Kamata Mai Kiwon Macizai Ya Riƙa Ɗaukar Su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ina kiwon macizai marasa dafi guda 5 a wani ɗaki da na ware musu a gidana. Akwai ƙananan mesa guda 3, irin waɗanda ke dunƙulewa su ɓoye kai idan sun tsorata, da macijin gida mai ruwan ƙasa guda 1, sai kuma wata ƙaramar mesar da na saya kwana 10 da suka wuce. Wanda ya sayar mini da na farkon ya ce in ban riƙa ɗaukar su kullum ba za su manta da ni su koma halin daji, shi ya sa duk yamma idan na taso daga aiki nakan fito da su ɗaya bayan ɗaya. To yanzu ɗaya ta amayar da ɓeran da ta haɗiya, wata kuma ta yi wata guda ba ta ci komai ba, ni ma lokacin ya fara yi mini kaɗan. Shin sau nawa ya kamata in riƙa ɗaukar kowannensu, kuma yaya zan raba lokacin a tsakaninsu? Daga mai karatu a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga macijin da yake da lafiya, yake cin abincinsa, kuma ya saba da inda aka ajiye shi, ɗauka sau ɗaya ko sau biyu a mako, na tsawon minti 10 zuwa 15, ta wadatar ƙwarai. Ɗaukar kullum da kake yi ta yi yawa, kuma ina kyautata zaton tana da hannu a matsalolin biyu da ka ambata.

Bari mu fara da maganar da mai sayarwa ya faɗa maka, domin a kanta ka ɗora duk wannan wahala. Maciji halitta ce da ke rayuwa ita kaɗai, ba ya neman a shafa shi yadda kyanwa ke yi, kuma ba ya kewar mai shi idan ya kwana biyu bai gan shi ba. Abin da masu kiwo ke kira sabo shi ne macijin ya gane cewa wannan hannun da ke ɗaga shi ba zai cinye shi ba, ya daina ɗaukar sa a matsayin abokin gaba. Da zarar ya kai wannan mataki, ɗauka jefi-jefi ta isa ta riƙe sabon, kuma mesar da ta gama girma mai sanyin hali tana iya yin makonni ba a taɓa ta ba, a dawo a same ta yadda aka bar ta. Saboda haka amfanin ɗauka kusan duk naka ne: ka duba lafiyar jikinsa, ka samu damar share masa keji ba tare da kokawa ba, ka kuma ji daɗin dabbar da kake kashe wa kuɗi. Wannan na ƙarshe ba laifi ba ne, amma ya kamata mutum ya san cewa haƙuri macijin yake yi da shi, kuma haƙurin yana da iyaka.

Irin ƙaramar mesar da kake kiwo, wadda asalinta daga nan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma daga Togo da Benin da Gana ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, ta fi yawancin macizan kiwo kunya. A daji tana yini a cikin ramin ɓera ko tsohon suri, sai duhu ya yi take fitowa. Dabbar da haka Allah ya tsara mata rayuwa, idan aka riƙa zaro ta daga maɓoyarta kowace yamma ana juya ta a hannu cikin hasken fitila, hanya mafi kusa da za ta nuna damuwarta ita ce ta ƙaurace wa abinci. Gaskiya ne wannan mesa ta shahara da yin dogon azumi ko babu dalili, musamman lokacin sanyi da lokacin barbara, har ta yi watanni ba ta ci ba kuma ba ta rame ba. Amma tun da ka san kana ɗaukar ta kullum, abin da hankali zai fara kawarwa ke nan. Ka daina taɓa ta gaba ɗaya, ka tabbatar tana da maɓoya biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi, kuma maɓoyar ta zama matsattsiya yadda jikinta zai riƙa taɓa bangonta. Ƙaramin kasko da aka kife, aka fasa masa 'yar ƙofa a gefe aka goge kaifin, ya fi wasu kayan da ake sayarwa da tsada. Kada ka koma ɗaukar ta sai ta ci abinci sau biyu ko uku a jere.

Sai wadda ta yi amai, kuma a nan nake so ka fi mayar da hankali. Maciji yana haɗiye abincinsa ne ɗungurungum, da gashi da ƙashi, kuma narkar da shi aiki ne na kwanaki wanda ya dogara da ɗumin wurin da yake kwance, tun da jikinsa ba ya samar da zafi da kansa. Idan aka tsorata shi cikinsa na cike, yakan amayar da abincin domin jiki ya yi masa sauƙin gudu. Shi ya sa ƙa'idar da masu kiwo suka haɗu a kanta ita ce kada a ɗauki maciji sai ya yi aƙalla awa 48 da cin abinci, idan kuma abincin babba ne har ana ganin tudunsa a ciki, a kai awa 72 ko sai tudun ya baje. Amai a wurin maciji ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwan ciki mai ƙarfi yana ƙona masa maƙogwaro a hanyar fitowa, kuma idan aka yi gaggawar sake ba shi abinci sai ya sake amayarwa, daga nan rama ta shiga. Ka bar ta da ruwa mai tsabta kawai har kimanin mako 2, sannan ka ba ta ɓera wanda bai kai girman wanda ta saba ci ba. Idan ta sake yin amai alhali ba ka taɓa ta ba kuma ɗumin kejin daidai yake, to magana ta wuce ta ɗauka, akwai yiwuwar tsutsar ciki ko wata cuta, sai ka nemi likitan dabbobi ka tafi masa da kashinta sabo a ɗaure cikin leda. Idan na kusa da kai bai saba duba irin waɗannan dabbobi ba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitinta, kuma daga Birnin Kebbi tafiyar 'yan awoyi ce.

Lokaci na uku da ake janye hannu shi ne lokacin saɓa. Za ka ga launin fatar ya dusashe, cikin ƙaramar mesa ya ɗan yi ja-ja, sannan idanun su yi hazo su koma shuɗi-shuɗi, saboda wani ruwa da ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa. A waɗannan kwanaki macijin ba ya gani sosai, don haka ko mai sanyin hali yana iya kai sara. Bayan 'yan kwanaki idon zai washe kamar an gama, amma ba a gama ba, sai an ƙara wasu kwanaki kafin ya goga hanci a jikin wani abu mai kaushi ya saɓule fatar. Daga farko zuwa ƙarshe abin yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, kuma duk tsawon wannan lokaci ka bar shi.

Ita kuwa sabuwar da ka kawo kwana 10 da suka wuce, tun farko bai kamata ta shiga layin ɗauka ba, kai bai ma kamata ta kwana ɗaki ɗaya da sauran ba. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin mai maciji ɗaya da mai macizai da yawa, domin hannunka da hannun rigarka da kwanon ruwa su ne hanyar da cuta ke bi daga wannan keji zuwa wancan. Macizan da ake samu a kasuwanninmu galibi kamun daji ne, sukan zo da kaska da tsutsar ciki, wasu kuma da waɗansu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini da ke laɓewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, waɗanda sau da yawa sai ka ga ɗigo-ɗigonsu a cikin kwanon ruwa ko suna tafiya a bayan hannunka kafin ka san suna nan. Ka mayar da ita wani ɗaki, ka shimfiɗa mata farar takarda a keji yadda duk abin da ya faɗo daga jikinta zai fito fili, ka ware mata kayan aikinta, ka killace ta kwana 60 zuwa 90. Ka riƙa gama hidimar tsofaffin kafin ka je wurinta, kada ka taɓa juya wannan tsari. Idan ka ji tana numfashi da ƙara, ko tana buɗe baki, ko majina na fito mata, ciwon numfashi ne, kuma akwai nau'insa da ke yaɗuwa a tsakanin mesa.

Idan ka cire duk waɗannan ranaku, za ka ga matsalar rabon lokaci ta warware da kanta. A ce kana ciyar da su ranar Juma'a da dare, ƙanana kowane mako, manya kuma duk bayan kwana 14. Ranar ciyarwa ba a ɗauka, Asabar da Lahadi ranakun narkewar abinci ne, abin da ya rage maka shi ne Litinin zuwa Alhamis. Ka ɗauki biyu ran Litinin, biyu ran Talata, idan kana da sukuni ka maimaita ran Laraba da Alhamis, idan babu ka bari sai wani makon. Ciyar da su a rana ɗaya yana sauƙaƙa wannan lissafi, domin mai macizai biyar da ke ciyar da kowanne a ranarsa ba zai daɗe ba zai manta wanda ya ci jiya. Ka manna 'yar takarda a jikin kowane keji, ka riƙa rubuta ranar da ya ci, da ranar da ya yi kashi, da ranar saɓa, da nauyinsa sau ɗaya a wata a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kayan ƙamshi. Sikelin ne zai gaya maka ko azumin waccan mesar na lafiya ne, domin idan ta zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta, lokacin ganin likita ya yi.

Kada kuma ka ce sai ka yi musu adalci ta hanyar ba kowanne minti daidai da na ɗan'uwansa, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Macijin gida yawanci ya fi kuzari da son yawo, da wuya kuma ya ƙi abinci, don haka yana iya jure sau biyu ko uku a mako, sai dai yana da saurin sulalewa, ka rufe ƙofa ka toshe ƙarƙashinta kafin ka fito da shi. Mesar da ke dunƙulewa da zarar ka taɓa ta kuwa, minti 5 sau ɗaya a mako ya ishe ta har sai ta fara sakin jiki. Macijin da hankalinsa ke kwance za ka ga yana tafiya a hankali daga wannan hannu zuwa wancan, yana fito da harshe a natse, riƙonsa ba mai tsanani ba. Wanda ya takura kuwa zai sandare, ko ya lanƙwasa wuya ya ja kai baya, ko ya yi huci, ko ya yi ta fizgewa, wani ma ya sakar maka kashi mai wari a hannu. Idan ka ga haka ka bari ya ɗan lafa, sannan ka mayar da shi cikin natsuwa.

Yadda ake ɗaukar ma yana rage yawan damuwar. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka fara da kuma tsakanin kowane maciji da na gaba, saboda cuta da kuma saboda wari, domin maciji da harshensa yake kwaso wari ya kai shi wata gaɓa da ke ganɗarsa, ita kuma mesa tana da ƙananan ramuka a leɓenta da ke jin ɗumin jikin dabba, don haka hannu mai ɗumi da ke warin ɓera ko ɗan tsako abinci ne a wurinta. Ka fara shafa shi da sanda mai ƙugiya don ya san ba abinci ne ya zo ba, ka ɗago shi daga gefe ta tsakiyar jiki da hannu biyu, kada ka sauko masa daga sama yadda shaho ke yi, kada kuma ka kama kai ko wutsiya. Ka zauna a kan tabarma, ko da zai kuɓuce ba zai faɗo daga nesa ba. Kuma ɗaya-ɗaya ake fito da su.

Akwai kuma yanayin garinku. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, alhali ƙaramar mesa tana son ɓangaren ɗumi na kejinta ya tsaya wajen digiri 31 zuwa 33, ɓangaren sanyi kuma wajen 26. A irin wannan lokaci, musamman a ɗaki mai rufin kwano idan an ɗauke wuta, macijin yana fama da kansa ne, don haka ka rage ɗauka, ka mayar da ita da sassafe ko bayan isha'i, kada kuma ka fitar da shi tsakar gida cikin rana da sunan shan iska. Da hunturu kuwa bushewar iska ke sa saɓa ta maƙale, musamman a kan ido da ƙarshen wutsiya. Kada ka ɓamɓare ta da farce, ka sa masa tsumma mai laima a cikin maɓoya ya yi aikin da kansa. Sanyin dare a Disamba da Janairu yana jinkirta narkewar abinci, saboda haka awa 48 ɗin nan ka mayar da ita 72.

TAMBAYA: Malam, maigidana yana kiwon macizai 2, yarana kuma kullum sai sun yi kuka a ba su su riƙe. Ƙaramin shekararsa 3, ni kuma ina da juna biyu. Shin akwai illa tun da an ce ba su da dafi? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya, akwai illa, kuma ba daga baki take zuwa ba. Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, tana fita a kashinsu ta shafi fatarsu da kejinsu, idan ta shiga cikin mutum kuma ta jawo gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, wanda a jikin ƙaramin yaro yana iya yin tsanani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa irin waɗannan dabbobi, haka nan tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su yi nesa da su, kuma mai juna biyu ta fi dacewa da yin taka-tsantsan. Don haka ɗan shekara 3 ya tsaya a kallo, ke kuma ki bar wa maigida sharar keji. Manyan yaran za su iya shafa bayan macijin yana hannun mahaifinsu, a cikin ɗauka ɗaya ko biyun nan na mako, ba a ƙara wata ɗauka dominsu ba, sannan su wanke hannu da sabulu a gabanki kafin su taɓa abinci. Ki kuma roƙi maigida kada a wanke kwanon ruwan macizan a inda kike wanke-wanke, kada a ajiye ɓerayen abincinsu a firjin gida, kejin kuma ya kasance da kwaɗo.

TAMBAYA: Malam, na kama wata mesa a fadama tana ƙarama, yanzu ta wuce tsawona. Ina ɗaukar ta ina rataya ta a wuya, ba ta taɓa yi mini komai ba. Ina kuma sha'awar in ƙara da kumurci, tun da ina ganin masu wasa da maciji a kasuwa suna riƙe shi. Mene ne shawararka? Daga wani matashi a Yawuri.

AMSA: Samari, wadda ke hannunka da alama babbar mesa ce, macijin da ya fi kowanne girma a Afirka, wadda ke kai mita 3 zuwa 5, kuma duk bayanin da na yi a sama game da ƙaramar mesa mai kunya bai shafe ta ba sai ta fuskar abinci da saɓa. Ka daina rataya ta a wuya daga yau. Ba sai ta yi niyyar cutar da kai ba, ya isa ta ji kamar za ta zame ta ƙara matse inda take riƙe, kuma matsa jijiyoyin wuya na 'yan daƙiƙu yana iya sumar da ƙato. Masu kiwon manyan macizai ba sa buɗe kejin wanda ya kai kimanin mita 2 da rabi sai da babban mutum na biyu a tsaye a wurin, kuma ɗaukarsa ta tsaya ga buƙata, wato shara da duba lafiya. Cewa ba ta taɓa yi maka komai ba shi ne ake ce wa sabo turken wawa, domin ƙarfinta na bana ba shi ne na bara ba.

Maganar kumurci kuwa, amsar sau nawa za a ɗauke shi ita ce ko sau ɗaya. Abin da ba a gaya maka a kasuwa shi ne cewa sau da yawa an cire wa macijin haƙoran dafi, kuma haƙoran suna sake fitowa, domin maciji yana sauya su a tsawon rayuwarsa. Wasu daga cikin masu fasa kai ma ba sai sun sare ka ba, suna tsarta dafi a ido daga nesa. Kububuwa, wadda ita ce ta fi kashe mutane a karkarar arewacin Najeriya, dafinta yana hana jini daskarewa, kuma maganin dafi ba kowane asibiti ke da shi ba, shi ya sa ake kwasar waɗanda aka sara daga jihohi masu nisa zuwa asibitin Kaltungo a Jihar Gombe. Girman matsalar ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Tun da kuma kai mai kamawa ne da hannunka, ka sani akwai wani ƙaramin baƙin maciji mai shiga ƙasa, wanda ake yawan ɗauka marar dafi ne, alhali yana fito da haƙori ta gefen baki ya soki yatsan da ke riƙe da shi ko an kama shi a bayan kai. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Game da mesar da ke hannunka, dukkan nau'o'in mesa suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ke sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, Najeriya kuma ta kafa dokar kare namun daji masu fuskantar barazana a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Ka je sashen kula da gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiharku ka bayyana musu abin da kake riƙe da shi, ka ji matsayinka, ka kuma tambaye su inda za a iya karɓar ta, domin nan da 'yan shekaru za ta buƙaci keji mai girman ɗaki da abinci irin su zomo da kaji, da mutum biyu ko uku duk ranar da za a share mata wuri.